Kunne ya girmi kaka: wasan rediyon da ya kai Turawa wata, ya kuma mayar da su zamanin da

Ranar 21 ga Satumba, 1953, gidan rediyon BBC ya fara watsa wani wasan kwaikwayo mai suna Journey into Space, wato tafiya zuwa sararin samaniya. A lokacin babu wani abu da hannun ɗan Adam ya ƙera da ya taɓa kewaya duniya ta sama. Sai bayan shekara huɗu Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, sai 1961 Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya je sararin samaniya, sai 1969 aka taka wata. Abin da mutanen Landan suka sani game da roka shi ne abin da ya faɗo musu a ka: rokokin V-2 da Jamus ta riƙa harbo musu tun daga Satumbar 1944, masu gudun da ya zarce na sauti, har sai gini ya rushe sannan a ji ƙarar zuwansu. Waɗannan mutanen ne marubucin wasan, Charles Chilton, ya zaunar a gaban akwatin rediyo, ya ce musu ga wasu maza huɗu za su shiga roka su tafi wata a shekarar 1965. Da shekara huɗu kacal ya kuskure lissafi.

Mu kan ce gani ya kori ji. Shi ya sa lamarin wannan wasa ya daɗe yana cin raina. Labari ne na abubuwa biyu da ba wanda ya taɓa gani, wato komawa zamanin da ya shuɗe da kuma na'urorin wasu halittu na wata duniya, kuma an ba da shi ga mutanen da ba a ba su komai ba sai kunne. A hankalce ya kamata ya faɗi warwas. Amma shi ake ambata a matsayin shirin rediyo na ƙarshe a Birtaniya da ya tara jama'a da dare fiye da talabijin. Ina ganin dalilin yana cikin yadda aka gina shi, kuma ya cancanci a warware shi zare-zare.

Ga yadda labarin yake. Jet Morgan ne shugaban tafiya. Mitch, injiniya ɗan Ostareliya, shi ya ƙera kumbon mai aiki da makamashin nukiliya, kuma mutum ne mai zafin kai. Doc likita ne, yana rubuta duk abin da ya faru a littafinsa na kullum, kuma da muryarsa ake ba mu labari. Lemmy, ɗan unguwar talakawan Landan, shi ke kula da rediyon kumbo. Daga dajin Ostareliya suka tashi, abin da ya dace da zamanin, domin tun 1947 Birtaniya da Ostareliya suka buɗe filin gwajin rokoki a Woomera. Kashi huɗu na farko duk a ƙasa aka yi su ana shirye-shirye, jama'a kuwa suka fara gajiya: daga sama da mutum miliyan 5 da suka saurari kashin farko, adadin ya sauko ƙasa da miliyan 4. Da kumbo ya tashi a kashi na biyar sai labari ya sha bamban. Aka tsawaita wasan zuwa kashi 18, kuma mutum miliyan 8 ne suka saurari na ƙarshe.

Tun a hanya rediyon kumbo ta yanke da ƙasa. Lemmy na ta murɗa yana kiran gida, shiru, sai wani irin kiɗa mai tashi da sauka da ba a san mafarinsa ba. Da farko shi kaɗai ke ji, sauran suna ganin tsoro ne ya taɓa masa kai. Suka sauka a wani fili na wata da masana taurari ke kira Gaɓar Bakan Gizo, ko da yake babu ɗigon ruwa a wurin. Can wutar kumbon ta ɗauke gaba ɗaya ba tare da wani abu ya lalace ba, suka zauna cikin duhu kwana da kwanaki suna lissafin iskar da ta rage musu, suna jin wani abu na ƙwanƙwasa jikin kumbon daga waje.

A nan ne gwanintar take. Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo da dare yana neman tasha a gajeren zango ya san wannan hali. Ka ja eriya, ka ɗora akwatin a kunne, ka riƙa murɗawa a hankali, sai shuuu, sai wani fito siriri, sai muryar wani mutum cikin harshen da ba ka sani ba ta taso kamar daga rijiya ta sake nutsewa. Ba ka san ko daga ina take ba. To, abin da Lemmy ke yi cikin kumbo ke nan, kuma abin da mai sauraro ke yi a ɗakinsa ke nan. Chilton ya shigo da baƙin halittun ta cikin rediyon kumbo, ta ƙofar da mai sauraro ke zaune a bakinta. Idan kiɗan ya taso, daga akwatinka yake fitowa, kai da Lemmy a lokaci guda kuke jin sa. Idan wuta ta ɗauke musu, sun dawo daidai da kai, su ba sa gani, kai ba ka gani, kowa ya kasa kunne. Fim ba zai iya wannan ba, domin dole ya haska maka wani abu, kuma da zarar ya haska, ka zama ɗan kallo daga gefe.

Na saurari wannan kashi na duhu da dare, fitila a kashe, kuma na kama kaina ina riƙe numfashi don in ji ko ƙwanƙwasar za ta sake zuwa. Murya huɗu ce kawai da ɗan bugun ƙarfe.

Abin sha'awa, duk sautin da aka ce na wata duniya ne, a nan duniya aka samo shi. Rugugin tashin kumbo ƙarar jirgin sama ce da aka naɗa a filin jirgi na Heathrow. An naɗo wasu sautukan a tashar wutar lantarki ta Battersea da ke Landan. Ƙarar allon da matafiyan ke leƙen waje da shi kuwa, ta na'urar da sojan ruwa ke farautar jiragen ƙarƙashin teku ce. Van Phillips ya tsara kiɗan. Duk wannan kafin BBC ta buɗe sashenta na ƙera sauti a Maida Vale a 1958, inda daga baya, a 1963, Brian Hodgson ya goga makullin ƙofa a jikin wayoyin wani tsohon fiyano, ya juya naɗin ya sarrafa shi, ya samar da kukan na'urar keta zamani ta wasan talabijin mai suna Doctor Who da har yau ake amfani da shi. Dabarar ɗaya ce. A ɗauki sautin da kunne ya sani, a rage masa gudu ko a juya shi baya ko a sa masa amsa-kuwwa, har ya zama kunne na jin kamar ya san shi amma ya kasa kiran sunansa. Sautin da bai yi kama da komai ba hayaniya ce kawai, ba ya ba da tsoro. Wanda ya kusa zama sananne shi ke tayar da tsikar jiki.

Sai batun zamani, wanda shi ne ƙashin bayan labarin. Da suka samu suka tashi, sai suka zagaya ta bayan wata, suka tarar da ayarin jiragen baƙin. Ka tuna cewa a 1953 ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin bayan wata, domin kullum fuska ɗaya yake juyo mana. Sai a Oktoban 1959 kumbon Sobiyet mai suna Luna 3 ya ɗauko hotonsa na farko. Wuri ne da marubuci zai ajiye duk abin da ya ga dama ba mai ƙaryata shi. Jiragen suka fizge su da gudun da ya sa suka suma, da suka farfaɗo suka sauka a wata duniya mai iska da ruwan sha da dazuzzuka da ƙanƙara mai yawa. Suka tsinci wuƙar dutse. Daga bisani, da suka dubi taurari, suka gane ba wata duniya ba ce, tasu ce, sai dai shekaru dubbai ne tsakaninsu da gida.

Wannan tambaya, ta yaya mutum zai san zamani ya canza masa, tsohuwa ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna tafsirin Suratul Kahfi ya ji yadda samarin kogo suka farka suna zaton yini ɗaya suka yi ko wani yanki na yini, alhali shekara 309 ce, kuma malamai sun ce kuɗin azurfar da ɗayansu ya kai kasuwa ne ya bayyana al'amarinsu. Wancan ikon Allah ne, ba a jera shi da ƙagaggen labari. Na kawo shi ne don ya nuna cewa jiki ba ya jin wucewar zamani, sai an sami shaida daga waje. A wasan Chilton babu kasuwa, babu mutanen gari, don haka sama ce shaida. Kuma ilimin da ke bayan wannan gaskiya ne. Duniya tana juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, kuma kamar katantanwa, kanta yana ɗan tangaɗi yana zana da'ira. Zagaye ɗaya na wannan tangaɗi yana cin kimanin shekara 26,000. Saboda haka tauraron da ke nuna arewa yana canzawa. Yau Polaris ne. A zamanin da Misirawa ke gina dalarsu, wani tauraro ne mai suna Thuban. Kimanin shekara 14,000 da suka wuce, Vega ne ya fi kusa da wurin, kuma zai sake dawowa nan da shekara 12,000 ko makamancin haka. Mutumin da ya san sama, in ka jefa shi wani zamani, zai iya duba inda taurari ke kewayawa ya ƙiyasta nisan da aka kai shi. A rediyo kuma wannan ya fi armashi, domin ba a nuna maka sama, sai dai ka ji murya tana lissafi a hankali, ta tsaya, ta sake lissafi, sannan ta yi shiru.

To, abin yana yiwuwa? Amsar kashi biyu ce, kuma ba su yi kama da juna ba. Tafiya gaba cikin zamani tabbatacciya ce. Einstein ya nuna a 1905 cewa agogon da ke gudu yana tafiya a hankali in aka gwada shi da wanda ke zaune, a 1915 kuma ya ƙara da cewa agogon da ke kusa da abu mai nauyi, kamar duniya, yana jinkiri fiye da wanda ke nesa. A 1971 masana biyu, Hafele da Keating, suka ɗora agogunan atam a jiragen fasinja suka zagaya duniya gabas da yamma, suka dawo suka tarar sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya ce. Wayar da ke hannunka ma shaida ce. Taurarin GPS da ke nuna maka hanya suna can sama da nisan kusan kilomita 20,000, kuma agogunansu na riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. Da ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, da taswira ta riƙa kauce wa gaskiya da kusan kilomita 10 kullum. In da za a sami kumbo mai gudun kashi 99.5 cikin ɗari na gudun haske, wanda ya yi shekara ɗaya a cikinsa zai dawo ya tarar an yi shekara goma a gida. Ya tafi ya bar jariri a goye, ya dawo ya same shi ɗan firamare.

Komawa baya kuwa wani abu ne daban. Lissafin Einstein bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba, har ma Kurt Gödel ya fitar da wata hanya a 1949 inda za a iya zagayowa a dawo jiya, amma sai in dukkan sararin samaniya na juyawa ta wata siga da ba a ga alamarta ba. Sannan ga matsalar kaka. In ka koma baya ka hana kakanka auren kakarka, ba za a haifi mahaifinka ba, ba za a haife ka ba, to wa ya koma ya hana auren? Masana sun rabu. Wasu, irin su Igor Novikov, sun ce duk abin da matafiyi zai yi a baya ya riga ya zama cikin tarihi, ba zai iya sauya komai ba. Wasu sun ce zamani zai tsage biyu kamar reshen bishiya. Stephen Hawking kuma ya kawo ra'ayi a 1992 cewa dokokin halitta da kansu za su hana a gina irin wannan na'ura. Akwai kuma wata matsala da labarai da yawa ke tsallakewa: duniya ba a tsaye take ba. Tana gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa tana kewaya rana, rana kuma na ɗauke da ita da gudun sama da kilomita 200 a daƙiƙa. Wanda ya koma jiya yana tsaye a inda yake, a sarari zai tsinci kansa, duniya ba ta iso ba tukuna. Dole na'urar keta zamani ta zama jirgi, kuma a nan Chilton ya yi daidai, da jirage ya yi tasa tafiyar.

Matsalar kaka kuwa ya kauce mata ne da wayo. Ya jefa mutanensa can nesa, zamanin da babu kakan da za a iya nunawa da yatsa, sannan da baƙin suka mayar da su 1965 sai suka farka ba sa tuna komai. Abin da ya rage shi ne wuƙar dutsen nan da littafin Doc, cike da rubutun hannunsa na abubuwan da shi kansa bai san ya gani ba. A ma'aunin hankali akwai ɓaraka a nan. In zamani ya goge abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, me ya hana shi goge tawada? Amma ni ban iya jin haushin wannan ɓaraka ba, domin littafin nan shi ne muryar da ta yi makonni tana ba mu labari. Matafiyan sun manta, mai sauraro ne kaɗai ya rage yana tunawa, shi da bai ga komai ba.

Baƙin su kansu murya ce kafin su zama jiki. Makonni ana jin ta ta rediyon kumbo, a natse, ba ta ɗaga sauti, tana bayanin cewa su matafiya ne cikin zamani da suka rasa duniyarsu, suka zo wannan suna neman wurin zama, kuma ba sa kisa. Abin da ya dame su shi ne wasu mutanen daji masu farmaki da ɓarna, waɗanda a ƙarshe ya bayyana su ne kakannin ɗan Adam. Ranar da matafiyan suka yi ido biyu da mai muryar, suka ga halitta mai sulke a jiki, mummuna a idonsu, sai suka firgita suka ja da baya. Mai sauraro kuwa bai ga sulke ba. Abin da ya sani shi ne muryar da ta yi haƙuri da su tun farko, don haka sai ya ji kunyar abin da 'yan uwansa suka yi. Wannan hukunci kunne ne kaɗai zai iya yanke shi. Kuma ba daga sama ya faɗo wa Chilton ba. An haife shi a 1917, mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya bai taɓa saninsa ba, ya rayu cikin na biyu, kuma shekara guda kafin wasan, a Oktoban 1952, Birtaniya ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a tsibiran Monte Bello da ke gaɓar Ostareliya, ƙasar da kumbon labarin ya tashi daga cikinta. Shi ya sa ba a taɓa yi mana bayanin yadda na'urorin baƙin ke aiki ba. Abin da labarin ya damu da shi shi ne wane irin hannu ne ke riƙe da su.

Wasan yana da nasa aibi. Babu mace ko ɗaya cikin matafiyan. An mai da Lemmy, ɗan talakawa, mai tsoro da yawan tambaya domin masu ilimi su samu wanda za su yi wa bayani, ko da yake sau da yawa shi ne ke fara jin abin da sauran suka kasa ji. Wani lokaci kuma muryar baƙon takan zarce da wa'azi har labari ya tsaya cik.

An yi wasa na biyu a 1954, The Red Planet, tafiya duniyar Mars da aka ce za a yi a 1971, inda suka tarar da mutanen da aka sace daga duniya aka juyar musu da tunani. Na uku, The World in Peril, ya biyo baya a 1955. An fassara wasan zuwa harsuna 17. Andrew Faulds da ya fito a matsayin Jet ya zama ɗan majalisar dokokin Birtaniya daga baya, Chilton kuma ya rasu a 2013.

Saura kaɗan duk wannan ya salwanta. A wancan zamani BBC kan goge naɗi bayan an watsa, kuma haka aka yi wa kashi 18 na wasan farko, abin da ya tsira daga cikinsu bai wuce 'yan mintoci na kashin ƙarshe ba. Abin da ya ceci labarin shi ne sashen BBC mai buga shirye-shirye a faifai yana aika wa gidajen rediyon ƙasashen waje. Domin su aka sake naɗar labarin wata a 1958 cikin kashi 13, aka cire kashi huɗun nan na ƙasa, aka sa masa suna Operation Luna. Shekaru da yawa ana zaton su ma sun tafi, har 1986, lokacin da wani injiniyan sauti na BBC, Ted Kendall, ya ci karo da faifan duka wasannin uku a inda aka ajiye su bisa kuskure. Ya zauna ya tsabtace su daga ƙarce da ƙura, kuma daga 1989 aka fara sake watsa su. Wannan naɗin na 1958 shi ne wanda ake saurare a yau.